Me ke kashe ƙungiyoyin mawaƙan zamani tun ba su yi nisa ba?

Ɗan_Ader:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar kiɗa ciki da bai. Plantashun Boiz ta Najeriya mutum uku ne: 2Face, Blackface da Faze. Albam ɗinsu na farko ya fito a 2000, na biyu a 2003, a 2004 kowa ya kama gabansa, alhali a lokacin ne kasuwarsu ta fi ci. Irin haka muke gani a Tawa da Yamai: samari su haɗu, su yi waƙa ɗaya ko biyu ta zaga gari, bayan damina biyu ka nemi ƙungiya ka rasa. Ni a ganina kuɗi ne ke raba su, ba wani abu ba. In kuwa kuɗin ne, a ina daidai ɓarakar take farawa?

Kawu_Orkes:
Wa alaikumus salam ɗana. Wanga batu na Plantashun, ka duba wa ya shigo tsakaninsu. A shekarar da sunka rabu, kamfanin Kennis Music ya ɗauki 2Face shi kaɗai, anka fiddo albam nashi. Kamfanin nan dai shi ne ya riƙe Remedies kafin nan, su Eedris Abdulkareem da Tony Tetuila da Eddy, su ma ba su jima ba sunka watse kowa ya ci gashin kansa. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Mutum ɗaya tikitin jirgi ɗaya ne, ɗakin otal ɗaya, sa hannu ɗaya. Mutum uku kuwa sai an shawo kan uku kafin a yi komi. Duk ƙungiyar da murya ɗaya ta fi sauran fita, ku sa ido, mai kuɗi zai zo ya tsame ta.

Mai_Takarda:
Kawu ya faɗi rabi. Ɗaya rabin shi ne waƙar da ta ɗaga 2Face bayan rabuwar, African Queen. Blackface ya shekara da shekaru yana maganar haƙƙinsa a rubutunta, kuma rigimar ta fi rayuwar ƙungiyar tsawo. Ga inda abin ke lalacewa: ana haɗa waƙa a ɗaki ɗaya, wannan ya kawo amshi, wancan ya kawo baiti biyu, mai piyano ya sa karin, ba wanda ya rubuta komai saboda ana ganin abota ce. Ran da waƙar ta fara kawo kuɗi kowa ya tuna nasa ƙoƙarin ya manta na ɗan uwansa.

Maganinsa takarda ɗaya ce, a cike ta a situdiyo ranar da aka gama waƙar, ba washegari ba. A rubuta sunan waƙa, kwanan wata, sunan kowa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa tare da sunansa na wasa, wa ya rubuta kalmomi, wa ya tsara karin, wa ya haɗa kiɗan, da kason kowa cikin 100. Kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa. Da wannan takardar ake zuwa BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, a yi rajistar waƙar da sunayen mutane. Ku lura da kyau, sunan ƙungiya ba ya rubuta waƙa. In kun rubuta sunan ƙungiya kawai, ran da ta mutu ba a san hannun da za a danƙa wa kuɗi ba.

MalamSono:
Ni ban yarda cewa haƙƙin waƙa ne ke kashe namu na nan ba. Ƙungiya nawa ce a Tawa ta kai matsayin da kuɗin haƙƙi zai haɗa ta faɗa? Namu kayan aiki ne ke kashe su. Ƙungiyar da ba ta da sono nata, wato kayan ƙara sauti, mai sono ne shugabanta ko da bai iya rera komai ba. Wadda kuma ta yi karo-karo ta saya, ranar da ampili, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ya ƙone ranar ake fara nuna wa juna yatsa.

Kuma ƙonewar nan ba ƙaddara ba ce kullum. Lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin tirjewar wuta, yana raguwa nauyi na ƙaruwa a kan ampili), ka haɗa biyu a gefe ɗaya na ampili, sun koma om 4, yawancin ampili za su ɗauka. Ka ƙara na uku sun sauka ƙasa da om 3, na huɗu om 2. Yara suna ƙarawa don a ji su har bayan layi, ampili ya yi zafi ya tafi. Na biyu wuta. Gurup, wato janareta, mai kVA 5 abin da zai ba ka a zahiri wajen wat 4000 ne, to kar ka ɗora masa abin da ya wuce kashi biyu cikin uku, domin bugun bas na jan wuta a lokaci guda. Kar a yarda masu biki su jona firiza ko injin ruwa a layin kiɗa. A sa regilata mai daidaita wuta tsakanin gurup da konsol, teburin haɗa sauti. Wayar da ke cikin nadi a warware ta duka, in ta yi aiki a naɗe zafi take yi, kuma kaurinta kar ya gaza murabba'in milimita 2.5. Wajen kunnawa konsol da piyano ne farko, ampili ne ƙarshe. Wajen kashewa ampili ne farko. Wanda ya juya wannan tsari, ƙarar da za a ji ita ce ke fasa ƙananan lasifikun sama.

Sai ƙura da zafi. Lokacin hunturu a rufe konsol da zane da zarar an tashi. A watan Afrilu da Mayu ampili ba ya zama a rana, kuma a bar masa tazara ta baya iska ta wuce.

Bas_Wadata:
Malam Sono, ai maganarka ta dawo kan ta Ɗan_Ader ne. Ampili ya ƙone, me ya hana a gyara? Babu asusu. Me ya hana asusu? Ana raba kuɗin wasa tas a daren.

Bari in buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce an yi ciniki da masu biki jaka 150, ku biyar ne. Hayar sono jaka 40, mota 15, man gurup 10, saura 85. A ware 10 a asusu kafin kowa ya taɓa, saura 75. In daidai za a raba, kowa 15. In an amince mai jan waƙa yana da kaso biyu, an raba gida shida ke nan: kowa jaka 12 da rabi, shi 25. Duk wanda kuka zaɓa daidai ne, muddin an faɗe shi tun kafin a hau mota. Abin da ke kawo gaba shi ne a canza rabon bayan an sauko, kowa ya gaji, ƙarfe biyun dare.

Kuma kar wanda ke yin ciniki ya zama shi ke riƙe asusu. Mutum biyu su je karɓar kafin alƙalami, rabin kuɗi, a rubuta a littafi. Sauran rabin a karɓa kafin a kunna kaya, ba bayan an tashi ba, domin bayan an tashi uban ango ya yi barci.

Hajiya_Zabaya:
Ƴaƴana duk kun tsallake babban abu: liƙi. A bikin da ya amsa sunansa, abin da ake liƙa wa mawaƙi kan iya fin kuɗin cinikin. Kuma a goshin wa ake liƙawa? Na mai riƙe da mikro. Mai ganga yana can baya yana zufa awa huɗu, ba wanda ya ga fuskarsa. In mai waƙa ya ce liƙi nasa ne tunda sunansa aka kira, ku ƙirga wata uku, mai ganga da mai bas sun koma wata ƙungiya.

Makaɗanmu na gargajiya sun daɗe da warware wannan. Akwai uban kiɗa, akwai ƴan amshi, akwai makaɗa, akwai sanƙira, kuma kowa ya san matsayinsa a rabo tun ranar da ya shigo. Ba a yin daidai, amma ba a ɓoyewa. To ku ma ku sa yaro ɗaya amintacce da jaka, shi kaɗai ke tsince kuɗi, a zazzage a gaban kowa a ƙirga. Kyautar da aka kira mutum gefe aka ba shi, kamar turmin atamfa ko waya, ita ma a yanke hukuncinta tun farko.

Sinte_Yantala:
Gaskiya ne Hajiya. Wasu na cire kashi ɗaya cikin uku na liƙi su ba mai waƙa, sauran a haɗa da kuɗin wasa.

Ɗan_Ader:
Na gode iyayena. Amma Malam Sono ya taɓo wani abu, cewa Tawa daban take da Legas. To ban da kaya, me kuma ya keɓanta da mu?

Bilbis_Gita:
Tafiya biɗa. Duk ɗan Ader ya san wannan. An gama girbi, samari sun nufi Abijan, Libiya, Najeriya. Kuma lokacin da suke tafiya shi ne lokacin da bukukuwa ke yawa. Mai bas ɗaya ne a unguwa, ya tafi, an soke wasa uku, masu biki sun daina kira. Wanda ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare shi ma ya wuce jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Yarinyar da ke amshi an ɗaura mata aure. Ba faɗa, ba zagi, ƙungiya ta mutu tsaye.

Sannan shekarar makaɗi ba wata 12 ba ce. Sha'aban cike yake da aure, azumi babu wasa ko ɗaya, bayan salla a farfaɗo, damina kuma wasan fili sai an yi sa'ar hadari. Ƙungiyar da ba ta ajiye na watan azumi tun Sha'aban ba, a watan ne wani zai sayar da gitarsa.

Kawu_Orkes:
Bilbis ya yi gaskiya, amma ku tuna Tawa ɗin nan ita ta fiddo Azna de l'Ader ta Mona, wadda ta ɗauki shekaru masu yawa tana wasa. Kuma nan anka kafa gasar kiɗa ta Dan Gourmou tun 1987. Gasa tana da amfani tana da illa. Ƙungiyoyi da dama don ita anka haɗa su: a tattaro gwanaye, a yi wata biyu ana gwaji, a hau dandali, a karɓi kyauta ko a rasa, a watse. Wagga ba mutuwa ba ce, dama ba a gina ta don ta rayu ba. Kuma ba kullum watsewa ke zama asara ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya ta Yamai ta tara mawaƙa da yawa wuri ɗaya, daga baya kowa ya bi hanyarshi, Yacouba Moumouni ya kafa Mamar Kassey a 1995, ga shi har duniya ta san ta.

Rap_Talladje:
Ku duk maganar orkes kuke, ƙungiya mai kayan kiɗa. Yaran yanzu ba su da ganga ba su da bas, kiɗansu na cikin kile USB. Mutum uku da mikro uku, shi ke nan. Ba hayar kaya, ba gyaran ampili, amma sun fi kowa saurin watsewa. Don haka ba kaya ba ne, Malam Sono.

MalamSono:
Sun fi saurin watsewa saboda ba abin da ya ɗaure su. Mai jan waƙa zai iya ɗaukar kile ɗinsa ya yi wasan shi kaɗai, ya cinye kuɗin mutum uku. A orkes ba ya iyawa.

Situdiyo_Lazare:
Tunda an zo kan kile, bari in faɗi abin da ke faruwa da fayil, don nan ma ƙungiyoyi na mutuwa ba a sani ba. An gama waƙa, yara sun karɓi MP3 ɗaya ta WhatsApp sun tafi suna murna. Bayan shekara kwamfutar situdiyo ta lalace ko an goge don samun wuri. Yanzu ana son a cire muryar wanda ya fita, ko a yi wasa da kiɗan zalla, babu hali.

Abin da za ku karɓa ranar biyan kuɗi: cikakkiyar waƙar a WAV, fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, kiɗa zalla ba murya, kiɗa da amshi ba muryar mai ja don wasan dandali, sannan kowane layi daban, ganga daban, bas daban, kowace murya daban, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya don su hau juna a kowace manhaja, Cubase ce ko FL Studio. A ajiye a wuri biyu, hannun mutum biyu. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, kada a bari ta matse sautin.

Kuma ku rabu da kiɗan da ake saukewa daga YouTube wai kyauta ne. Yawancinsu kyauta ne don gwaji, ba don kasuwa ba. Ran da waƙarku ta yi tashe, mai kiɗan zai sa a karkata kuɗin zuwa gare shi ko a sauke ta. A nan sai a fara tambayar wa ya kawo kiɗan.

Rap_Talladje:
Wannan na kiɗa da amshi ba muryar mai ja yana da muhimmanci. Masu ɗora cikakkiyar waƙa suna motsa baki kawai, su tuna Milli Vanilli. Mutum biyu ne a Jamus, Rob Pilatus da Fab Morvan, furodusa Frank Farian ya haɗa su a 1988. Ba su ne suka rera ko waƙa ɗaya a albam ɗin ba. Faifai ya maƙale musu a dandali a Amurka, nan take aka ƙwace Grammy ɗinsu, babbar kyautar waƙa ta Amurka.

Mai_Takarda:
Ɗan gyara ƙanena. Maƙalewar faifan a 1989 ta faru, kuma ba ta hana su komai ba, domin bayanta ne ma suka karɓi Grammy a Fabrairun 1990. Abin da ya kashe su shi ne a Nuwamban 1990 Farian da kansa ya fito ya faɗa wa duniya ba muryarsu ba ce, bayan sun matsa masa su rera da kansu a albam na gaba. Sai aka janye kyautar. Darasin da ya shafe mu shi ne komai na hannun furodusa: muryoyi, faifai, kontara. Su fuska kawai suka kawo, ran da suka nemi fiye da haka ya rufe shagon.

Gimbiyar_Harobanda:
Ni tambayata, me ya sa ƙungiyar Tal National ta Yamai ba ta mutu ba? Tun 2000 take, mutane sun shiga sun fita ba adadi.

Sinte_Yantala:
Saboda an gina ta ne yadda fitar mutum ɗaya ba za ta tsayar da ita ba. Almeida, wanda ya kafa ta, ya tara mawaƙa da makaɗa fiye da abin da dandali ɗaya ke buƙata, har sukan rabu gida biyu su yi wasa biyu a dare ɗaya. Kowane gurbi yana da mai maye shi. Suna wasa dare da yawa a mako, awoyi masu tsawo, don haka kuɗi na shigowa a kai a kai, ba jiran waƙa ɗaya ta fashe ake ba. Suna rera Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, kowane biki na iya kiransu. Lokacin da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da albam ɗinsu Kaani a 2013, sun riga sun shekara fiye da goma da kasuwarsu a Yamai.

Bas_Wadata:
Amma Yaya Sinte, wannan ba irin ƙungiyar da Ɗan_Ader ke nufi ba ce. Wannan ma'aikata ce mai shugaba ɗaya. Plantashun abokai uku ne, kowa na ganin kansa daidai da ɗan uwansa. Ba za ka ce wa Faze ga mai maye gurbinka ba.

Hajiya_Zabaya:
To ai shi ne, ɗana. Jirgi ɗaya matuƙa uku. Ko dai a yi shugaba kowa ya sani, ko a rubuta yadda ake yanke magana in an saɓa. Mutum uku, biyu sun rinjayi ɗaya. Mutum huɗu kuwa sai an faɗi wanda muryarsa ke raba gardama.

Bilbis_Gita:
A ƙara da siyasa. Lokacin zaɓe wani ɗan takara ya kira mai jan waƙa shi kaɗai, ya biya shi, waƙa ta fito da sunan ƙungiya. Sauran ba su ci ko dala ba, amma an shafa musu launin jam'iyya, masu biki na ɗaya ɓangaren sun daina kiransu. Dole a rubuta cewa ba a sa sunan ƙungiya a waƙar siyasa ko talla sai kowa ya yarda.

Ɗan_Ader:
Yanzu na ga ba kuɗi kaɗai ba ne, ko da yake kusan duk abin da kuka lissafa yana da ƙafa ɗaya a cikin kuɗi. Malam Mai_Takarda, a ce rabuwar ta zo ba makawa. Suna fa, na wa ne?

Mai_Takarda:
Na wanda ya riga ya yi rajistarsa, in ba ku rubuta komai ba. Suna ba a BNDA ake kare shi ba, alamar kasuwanci ce, ta OAPI ake bi, hukumar rajistar alamun kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, wadda hedkwatarta ke Yawunde. Rajista ɗaya na aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, tana ɗaukar shekara 10, ana sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, wanda kasuwarsa ta kai Sakkwato da Kano ya san da wannan. Kuɗin rajistar ya fi ƙarfin yawancin sababbin ƙungiyoyi, don haka aƙalla a rubuta a takardar yarjejeniya: wanda ya fita ba ya tafiya da suna, in an watse gaba ɗaya ba wanda zai yi wasa da sunan shi kaɗai, amma kowa na iya cewa tsohon ɗan ƙungiya kaza ne.

Wanda ya fita kasonsa na waƙoƙin da aka riga aka yi yana nan, ba a taɓa shi. Kayan da aka saya tare a rubuta farashinsu ranar saye, a amince da yadda darajarsu ke raguwa kowace shekara, a biya shi nasa kason a hankali cikin wata shida ko shekara. Kar a ce ya ɗauki lasifika ɗaya ya tafi, an kashe sono ke nan, shi ma bai samu abin kirki ba. Ya kuma ba da sanarwar wata ɗaya ko biyu, ya cika wasannin da aka riga aka karɓi kafin alƙalaminsu.

Situdiyo_Lazare:
A haɗa da shafuka. Facebook, YouTube, TikTok, galibi da layin wayar mutum ɗaya aka buɗe su. Ya yi fushi, ya canza kalmar sirri, ya sauya sunan shafin zuwa nasa, mabiyan da aka tara shekara biyu sun zama nasa. A buɗe adireshin imel na ƙungiya, a sa masu kula biyu ko uku a kowane shafi, lambar dawo da asusu kuma ta zama layin da aka saya don ƙungiya.

Kawu_Orkes:
Takardu na da kyau, ba ni musu. Amma ku sani Plantashun sun sake haɗuwa a 2007 sunka yi albam guda, bai mai da su yadda suke ba, kowa ya riga ya saba da cin nashi shi kaɗai. Takarda na raba faɗa, ba ta sa mutum ya zo gwaji ƙarfe huɗu. Ni abin da nike dubawa shi ne gwaji. In an fara cewa mai waƙa ba sai ya zo ba tunda ya iya, ƙungiya ta fara rabuwa ko ba a faɗa ba.

MalamSono:
Kawu, gwajin ma wuri yake so da wuta. Ɗakin da za a bar kaya a jone, ba a kwance ana ɗaurawa kullum ba, domin yawan cirewa da sakawa ne ke kashe bakin waya da ramukan konsol. Wanda zai ba ku ɗaki a gidansu, ku biya shi haya ko kaɗan ce daga asusu, a rubuta. In kyauta ce, ran da kuka saɓa kayanku na bayan ƙofarsa kuma makulli na aljihunsa.

Gimbiyar_Harobanda:
Malam Mai_Takarda, ita yarjejeniyar sai an kai ta gaban notar, mai tabbatar da takardu a hukumance, ko shaidu biyu sun isa?

Mai_Takarda:
Sa hannun kowa a kowane shafi da shaidu biyu da ba ƴan ƙungiya ba ya isa a fara da shi, Hajiya. In kayan da kuka tara sun kai kuɗi mai nauyi, ku kai a buga mata hatimin hukuma don tabbatar da sa hannun. A rubuta ta da harshen da kowa ke karantawa, in akwai wanda bai iya Faransanci ba a yi kwafin Hausa a karanta masa a gaban shaidun. Wanda bai kai shekarun girma ba kuma, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai sa masa hannu.

Bas_Wadata:
Ni har yanzu ina kan batun liƙi. Kashi ɗaya cikin uku da Yaya Sinte ya faɗa ya yi wa mai waƙa yawa in dama yana da kaso biyu a kuɗin wasa. Ko wannan ko wancan, ba duka biyu ba.